Sun Ce In Zo Da Wanda Ya San Ni

Ammariyya, Jidda.
Juma'a, bayan an sauko daga masallaci.

Asiya,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama, ya yalwata miki makwanci. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma ba lalle ne ki karanta ba, don kin sha cewa rubutuna na boko kamar tururuwa ce ta faɗa cikin tawada ta fito tana neman gida, kuma Hausarki ta baki ce, irin ta haifaffun Jidda, ba ta takarda ba. Yanzu dai kin sami uzurin da ba mai ƙaryatawa. Ni kuma na sami damar yin magana ba a katse ni ba. Shekara talatin da wani abu ina neman wannan dama, ga ta na samu, kuma ba ta da daɗi ko kaɗan.

Gida lafiya. Mukayyif ɗin ɗakinmu, tsohon iyakwandishan nan, yana nan yana tari, yana ba da sanyi ranar da ya ga dama. Hajiya Kande ta ƙasa ta aurar da autarta, aka yi ta guɗa har maƙwabta Larabawa suka leƙo ta taga. Bayamanen nan mai sayar da ful, dafaffen waken nan, na bakin layi, wanda kike cewa yana rowar mai, ya koma ƙasarsu. Ɗansa ya gaji shagon, ya gaji rowar. Ana ta cewa baladiyya, hukumar gari, za ta rushe layinmu, kamar yadda ake cewa tun ina ango. Bashir yana Dammam, ya yi ƙiba, yana bugo waya duk Alhamis ya tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, ya ce to, mu ajiye. Yarinyar nan da mijinta da yaranta ma lafiya. Zan dawo kanta, don ita ce dalilin wannan takarda.

Ni ne ba lafiya ba, Asiya.

Kin san aikina a maɗaba'ar Bagdadiyya. Tun ina saurayi, sabon zuwa daga Kazaure, idona ke ci da ni. A ba ni shafi, in kama wasalin da ya ɓace, in kama ɗigon da ya zauna inda ba wurinsa ba. Har yanzu ina kama su. Amma sai in kai ƙarshen shafi, na gane kowace kalma, a tambaye ni me shafin ya ce, in rasa. Na ɗauka gajiya ce. Sai wata rana na tashi daga aiki da la'asar, na biyo hanyar da ƙafata ta sani fiye da yadda na san fuskata, na tsaya a wata mararraba ina kallon shaguna. Na san su duka. Na san mai gyaran agogo, na san mai turare. Abin da ban sani ba shi ne ta ina gida yake. Ban daɗe ba, abin ya dawo. Amma tsayuwar nan ba ta bar ni ba har yau.

Likita ya tura ni wurin likita, wannan ma ya tura ni gaba, har na dire a hannun wata likitar ƙwaƙwalwa, 'yar Sham, yarinya ce sa'ar 'yarmu, mai sanyin murya. Ta ba ni kalmomi uku ta ce in riƙe mata. Ta sa na zana agogo. Ta tambaye ni yau nawa ga wata, na ce na Hijira ko na Miladiyya, ta yi murmushi ta ce duk wanda na ga dama. Gaskiyar magana ina jan lokaci ne, ko ɗaya ban riƙe ba. Da ta nemi kalmominta, biyu na mayar mata. A ƙarshe ta faɗi sunan abin. Alzaima. Cutar mantuwa, wadda a gida muke ce wa ruɗewar tsufa mu wuce. Ta ce tawa tana farko-farko. Na ce mata ban kai sittin ba. Ta ce cutar ba ta duba shekarun da ke kan iƙama, katin zaman ƙasa.

Kin san halina. Na je na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan cutar. Wasu na karanta su sau biyu, kuma ba don sun yi daɗi ba.

Maganin da ake bayarwa yanzu ba ya tsayar da ita, lallashinta kawai yake yi. Amma likitar ta ce asibitinsu ya shiga wani gwaji da ake yi a ƙasashe da yawa, na sabon magani da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ake fata zai rage wa cutar gudu. Ba ta yi mini alkawarin kome ba. Ta ce ba a san ko yana aiki ba, shi ya sa ake gwadawa. Ta ce wasu daga cikin waɗanda aka ɗauka ruwan gishiri za a riƙa ƙara musu, su ba su sani ba, ita ma ba ta sani ba, don a ga bambanci. Ta ce yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Kin ji irin abin da mijinki yake kwana yana addu'ar a ɗauke shi a ciki. Me zan yi? Ɗaya hanyar na riga na karanta inda take ƙarewa.

To amma ba kowa ake ɗauka ba. Ƙofar tana da ƙunci. Wanda kansa yake daidai ba sa so, ba abin da za su gyara. Wanda ya yi nisa ba sa so, ba abin da za su ceto. Na tsakiya suke nema, kamar yadda kike latsa mangwaro a kasuwa, ki ajiye ɗanye, ki ajiye wanda ya luguiguice. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba inda jini ya taɓa ɗiga. Kada mutum ya kasance yana shan maganin tsinka jini. Ya iya karatu. Takardunsa na zama su kai shi ƙarshen gwajin, wanda ke nufin kafilina, maigidan da takardun zamana suke hannunsa, tsohon Bahadramen nan, ya ci gaba da riƙe mai gyaran rubutun da ba ya tuna abin da ya gyara. Ban gaya masa ba tukuna. Duk waɗannan na ji su na gyaɗa kai.

Sharaɗi na ƙarshe ne ya cije mini. Ta ce sai na zo da mai rakiya. Ba mai riƙe mini jaka ba. Mutum ɗaya, wanda ya san ni tun kafin ciwon, wanda yake ganina kwanaki da yawa a mako, wanda zai riƙa zuwa da ni kowane zama ya faɗa musu gaskiyar abin da ya canja. Ta ce su ba sa yarda da shaidar mai ciwon a kan kansa, don abin da zai ba da shaidar da shi, shi ne ya lalace. Suna son wanda ya san ni ciki da waje, wanda ba ya jin nauyin faɗin aibina a gabana.

Asiya, wa kika sani da wannan siffa in ba ke ba? Kamar sun zauna sun zana ki. Shekara da shekaru kina wannan aiki kyauta, ba wanda ya sa ki, sai da kika tafi aka ce ana nema.

Sai na ɗauki Malam Idi. Kin tuna shi, abokina direba, wanda yake tuƙa iyalin wani attajiri a Abhur, mai zuwa cin tuwonki ran Juma'a yana cewa ya ƙoshi yana miƙa kwano. Ya saka sabuwar jallabiya, ya fesa turare kamar za shi neman aure. Likita ta tambaye shi ko ya lura ina mantuwa. Ya ce alhamdu lillahi. Ta ce ko ina maimaita magana. Ya ce da sauƙi sosai. Ta ce ko na taɓa ɓata a hanya. Ya dafa ƙirji ya ce Malam Ɗalhatu? Ai shi ne ke nuna wa mutane hanya, duk Hausawan Jidda ba mai kai irin nasa. Alhali da bakina na ba shi labarin mararrabar nan, har ya yi ƙwalla. Ba ƙarya ya yi niyya ba. A wurinsa ba a tona mutum a gaban baƙo, kuma ba a tambayi jikin mara lafiya a ce ya tsananta. Ina zaune ina jin yana yabona yana fitar da ni daga gwajin. Likitar ta saurare shi da ladabi. Da ta ji sau ɗaya yake ganina a mako, sai ta gode masa, ta ce shi aboki ne na kirki amma ba shi suke nema ba.

Sannan ta juyo kaina, tana neman wanda zai maye gurbinsa. Ta ce 'ya'yana nawa. Na ce biyu. Ta ce sunayensu. Na ce Bashir, da yayarsa. Ta ce yayar tasa wa?

Na yi shiru.

Ke kin san dalili. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci. A inda na tashi uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a idon mutane, ba ya zama hira da shi. Balle kuma sunan wadda ta haife ni, wanda ban taɓa jin ko babana ya furta ba. Tun ran suna da liman ya faɗa aka shafa, wannan suna bai bi ta bakina ba. Likitar ta jira. Na ga alƙalaminta ya sauka a kan takarda. Malam Idi ya shiga bayani da Larabcinsa na direbobi, cewa al'adarmu ce, kunya ce. Ni ma na ƙara nawa, da Larabcin littafi, wanda ya fi nasa kyau kuma bai fi nasa amfani ba. Ta ce ta fahimta. Amma ta ƙara, a hankali, cewa masu wannan ciwo, musamman masu ilimi, gwanaye ne wajen samo dalili mai kyau su rufe ramin da ya buɗe, kuma ita aikinta ta san wanne ne. Ta ce mutumin da ya manta sunan 'yarsa ya wuce matakin da suke ɗauka. Ba ta yanke hukunci ba. Ta ce in dawo da wani mai rakiya, za a sake zama.

Na fito ina huci. Yarinya ƙarama za ta ce na manta sunan uwata? A mota Malam Idi yana ta ba ni baki, ni kuwa na ce bari in faɗa a zuciyata, don in ji daɗin cewa ta yi kuskure. Na nema. Asiya, bai zo ba. Ina ganin fuskar tsohuwa, ina ganin zanenta na saƙi, ina ganin yarinyar nan tana rarrafe a tsakar ɗakinmu, amma wurin sunan fili ne. Muka wuce danja, muka wuce wata. Sai can ya zo, cikakke, kamar bai je ko'ina ba. Ban gaya wa Idi ba. Ban gaya wa kowa ba sai ke. To wanne ne? Abin da ba a taɓa ɗauka ba ne ya yi tsatsa, ko kuwa likitar ce ta fi ni gaskiya? Ta yaya mutum zai san ya rasa abin da dama ba ya taɓawa?

Ke ba ki taɓa ɗaukar wannan kunya da muhimmanci ba. Kakanki ne ya zo da ƙafa daga Haɗeja, ke a nan kika buɗe ido, a wurinki abin dariya ne. Kina leƙawa ta taga ki ƙwala mata kira da cikakken sunanta, duk layi ya ji, ni kuma in sunkuyar da kai kamar an kama ni da sata. Yarinya tana zaune a gabana, in ce miki ki gaya wa yarinyar nan ta rage karatu a duhu. Ki juya ki ce mata, da Larabci, Ustaz ya ce ki rage karatu a duhu. Ta ce ki gaya wa Baba ta ji. Kika ce kin zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin yare ɗaya, kuma ba a biyanki. Ranar da ta ci jarrabawar zama malama, ta hannunki na aika da barka. Ranar da za a kai ta gidan miji, ke na ba nasihar ki kai. Ban sani ba ko kin kai yadda na faɗa. Ina zargin kin gyara, don ta fito tana kuka ta sumbaci kaina, kuma abin da na faɗa bai kai a yi masa kuka ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Duk lokacin da kika ƙwala wannan kira, ina jin daɗi. Sunan tsohuwa yana yawo a wani layi na Jidda, garin da ba ta taɓa gani ba, kuma wata 'yar ƙaramar murya tana amsawa. Ina sunkuyar da kai ne don kada ki ga fuskata.

Da kika rasu, waya ta tsinke. Tana aiko da abinci ta hannun mijinta. In ta zo da kanta, ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe ni da Hausarta mai ɗingishi, in amsa ina kallon bango, in tambayi yara, ta ce suna lafiya, halas. Ba faɗa muka yi ba. Ba mu da hanyar da za mu bi ne. Kin taɓa ce mini kin yi mata bayanin al'adar tun tana ƙarama. Na yarda. Amma bayani daban, yarinyar da ta tashi tana ganin ƙawayenta Larabawa suna hawa wuyan ubanninsu daban.

Bashir na fara nema. Ya ce wallahi yana so, amma Dammam ba nan kusa ba ce, kuma kafilinsa ba zai sake shi ba. Ya ce ga yayarsa. Na ce a bar maganar. Bai bari ba. Ya gaji wannan daga wurinki.

Ta zo da la'asar, ita kaɗai, mijinta ya sauke ta ya tafi. Ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta shigo, ta cire takalmi, ta zauna a kan katifar nan ta jikin taga, wurinki. Ta fara da Hausa, ta ga ba za ta kai ta ba, ta koma Larabci. Ta ce Bashir ya gaya mata kome, kuma ba ta yi mamaki ba. Ta ce a watanninki na ƙarshe a asibiti kin riƙe hannunta kin ce ta sa ido a kan babanta, don ya fara tambayar abu sau biyu, kuma ya daina ba da labarin abin da ya karanta.

Ashe kin gani? Ke da ba ki taɓa ganin maɓallin rigata a karkace kin yi shiru ba, wannan ne kika zaɓa ki haɗiye? Yanzu nake tuna yadda kika koma bina da tuni, ga tabaranka, yau Talata ce, ka riga ka sha shayi. Na ɗauka mita ce ta ƙaru da shekaru. Har na yi miki ba'a a kai.

Amma ba wannan ne ya fara zuwa raina ba, sai tsoro. Idan abin ya fara tun kina raye, to ya daɗe fiye da yadda na gaya wa likita. Idi ya rage har ya kusa fitar da ni ta sama. Wannan za ta faɗi duka ta fitar da ni ta ƙasa. Kuma ta ci gaba da lissafo abin da ta gani, abubuwan da ban san an gani ba: cewa na kira ƙaramin ɗanta da sunan Bashir, cewa kwanon da ta aiko ran Litinin mijinta ya same shi ran Laraba ba a buɗe ba. Na so in ce ta sassauta. To ta yaya? Na juya na fuskanci mukayyif, na ce masa ba kome ne ake gaya wa likita ba.

Ta ce ita ba mukayyif ba ce. Ta ce za ta faɗi abin da ta gani, ba ƙari ba ragi, don in maganin ba na matakina ba ne, ba za ta sa hannu a ƙara mini abin da zai kumbura mini kai a banza ba. Ta faɗi haka idonta a kaina. Na ji haushi, na ji tsoro, kuma na ji kamar kin shigo ɗakin.

Ranar zaman, likita ta fara shiga da ita ita kaɗai. Aka bar ni a kan kujerar baranda, tsakanin wani tsoho Bamisre da ke ta tambayar ɗansa yaushe za a tafi, da wata mata da ke ninke gefen mayafinta tana warwarewa. Ina kallonsu ina auna kaina. Na fi wannan? Da nawa? Har yaushe? A bayan ƙofa kuma ana karanta ni kamar shafin da aka kawo gyara, kuma mai karatun ba ta tsallake layi. Sun daɗe. Na riƙe sunan a zuciyata ina juya shi, kamar mai riƙe da kuɗin mota a tafin hannu, ina tsoron in na saki ba zan same shi ba.

Aka kira ni. Sababbin kalmomi uku, sabon agogo. Wannan karon na zo da kwanan wata a shirye, na Hijira da na Miladiyya, har na so in ƙara mata da na manoman Kazaure. Sannan ta zo inda na san za ta zo. 'Ya'yanka nawa? Biyu. Sunayensu? Na ce Bashir. Na tsaya. Yarinyar nan tana gefena, ina ganin hannunta a kan jakarta. Na ce a raina, tsohuwa ki yafe mini, asibiti ne. Na kalli likita, ita kaɗai, na faɗa. Muryata ta fito wata iri, kamar ta mai karanta sunan baƙo.

Likita nake ba amsa, Asiya. Amma daga gefena sai na ji an ce, “Na'am, Baba.”

Ba da gangan ta yi ba. Ta ji an kira ta ne, ta amsa, sannan ta rufe baki da hannu. Ni kuma ga ni na kira mutum ba ni da abin da zan ce masa. Likita tana rubutu, ba ta san an yi wani abu ba. Na lalubo, na lalubo, abin da na samo shi ne na tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce ta ci. Kin ga inda Bashir ya samo nasa.

Ga inda aka tsaya. Likitar ta ce har yanzu ina cikin iyakar da suke ɗauka, amma ina kusa da gefen ƙasa. Ta ce abin da 'yata ta faɗa ya taimaka mata ta ga hoton daidai, ba ta ce ya taimake ni ba. An zura ni cikin injin nan mai ƙara kamar maƙera, an ɗauki hoton kai. Za a aika da shi waje, wasu mutane da ba su taɓa ganina ba su duba ko akwai ɗigon jini. In akwai, an rufe magana. In babu, za a sake gwada ni kafin a fara, kuma in na zame ƙasa da layin kafin lokacin, nan ma an rufe. Sun ce za su kira. Kullum wayar tana aljihun gabana. Ina duba ta ko ta mutu, in mayar, in sake dubawa, kuma ban san ko damuwa ce take sa ni maimaitawa ko ciwon ba.

Kafin nan, likitar ta ce mai rakiya ta fara aikinta tun yanzu, don in an ɗauke ni a sami abin kwatantawa. Saboda haka tana zuwa, Asabar da Litinin da Laraba, in ta tashi daga makaranta. Ta zo da abinci ta tsaya sai na ci. Ta baje littattafan ɗalibanta a wurinki tana maki, ni ina nawa karatun. Wani lokaci ta tambaye ni me na karanta, in faɗa in na tuna, in ban tuna ba ta ce yalla, a sake. Na gano ba ta son miyar kuɓewa, duk shekarun nan don ke take ci. Na gano in abu ya ba ta dariya sosai ba ta yin sauti, kafaɗunta ne ke rawa, kamar mai sunanta. Ban sake kama sunan ba. Amma ina ce mata ke, ina kallonta in na faɗa. A wurin mutumin Kazaure wannan ba ƙaramar tafiya ba ce.

To ga abin da ke hana ni sukuni yanzu, kuma za ki yi dariya. Da ina tsoron kada su ƙi ni saboda maganin. Har yanzu ina tsoro, ba na so in zama tsohon nan na baranda. Amma maganin nan wataƙila ruwan gishiri ne. Zuwanta kuwa sharaɗin gwaji ne, likita ce ta sa. Gidanta da nisa, ga aiki, ga yara, ga miji mai haƙuri wanda haƙurinsa yake da iyaka. In suka kira suka ce ban cancanta ba, sharaɗin ya faɗi. Da wane dalili za ta ci gaba da ratso gari sau uku a mako? Da wane baki zan nema? Kuma lokacin da ya rage mini ina sanin wadda ke zaune a jikin taga, nawa ne?

Da kina nan, da na ce ki gaya wa yarinyar nan, ko sun ɗauke ni ko sun ƙi, ta riƙa zuwa. Ki gyara maganar yadda kika saba, ki sa mata abin da na kasa sawa. Ba kya nan. Gobe Asabar, za ta zo bayan azahar. Zan gwada da bakina, tun kafin wayar ta yi ƙara, don kada ta ɗauka sai da aka ƙi ni na neme ta. Ban san da wane yare zan faɗa ba. Ina jin da sunan zan fara, tunda na ga tana amsawa.

Ki huta lafiya, Asiya. Allah ya gafarta miki, ya sada mu da alheri.

Naki, wanda har yau ya san ki sarai,
Ustaz.